A Ƙara Tururuwa

Da akwai mai ƙaunar Mai Guga a kusa a safiyar nan, da ya riƙe masa hannu kafin ya kai ga wayar. Wayar ba tasa ba ce, kunnen da zai kara ta a kai kuma ba shi ne mai lafiyar ba. Amma babu kowa a shagon sai shi da rigunan mutane a jikin hanga, riguna kuwa ba sa hana uba jawo wa 'yarsa masifa.

Wayar ta 'yarsa ce, wadda kowa ke kira Fensir, don tun tana ƙarama siririya ce, kuma babu bangon gidansu da ta bari bai sha zane ba. Ta biyo ta shagon ne a hanyarta ta zuwa aiki don a goge mata mayafi, ta ajiye wayar a gefen teburin guga ta tsallaka titi sayen ruwan sha. Aikin nata sabo ne, a wani ƙaramin kamfani mai yin fim ɗin katun, kuma ba a tabbatar da ita ba tukuna. An ce mata gwaji take, sai an gama kashin farko na fim ɗin za a faɗa mata ko ta zauna ko ta kama gabanta. Tun ranar da Mai Guga ya ji kalmar nan ta gwaji bai sake barin ta ta huta da tambaya ba. Kullum sai ya tambaye ta ko ta gaishe da manyanta, ko ta isa da wuri, ko wani ya ɗaure mata fuska. In ta ce babu komai, sai ya ce to shi ne abin tsoron.

Fim ɗin daga wasu jerin littattafai aka ɗauko shi, masu suna Zamanin Tukunya. Mai Guga bai karanta su ba, don kowanne ya kai kaurin bulo, amma Fensir ta ba shi labarinsu har ya kusa haddacewa. A cikinsu tarihi ne ya saki hanyarsa ya bi wata. Ba a taɓa gano lantarki ba, ba a haƙo man fetur ba, duniya kaf ta dogara ga gawayi da tafasasshen ruwa. Jirage na tashi sama da manyan tukwane a cikinsu, giwayen ƙarfe na jan kaya a titi suna huci, agogon gari ba ya bugawa sai dai ya yi fito, sarauniyar ƙasar ma kujerar mulkinta tana da bututu a baya. Da ya gama ji sai ya ce wannan ai ba wata duniya ba ce, shagonsa ne aka faɗaɗa. Aikin Fensir a ciki shi ne zana abin da ke bayan mutane: gajimare, ruwan sama, da duk abin da ke fita daga bututu.

Wadda ta rubuta littattafan tsohuwa ce, kuma duk kamfanin tsoronta suke ji. Abu ɗaya kowa ya sani game da ita, ba ta maimaita magana. An ce akwai wani kamfani da ta taɓa ba wa littattafan, shugabansu ya yi kuskuren ce mata bai ji ba, a ranar ta karɓe kayanta. To an aika mata da ɗan abin da aka zana ta gani, ta ce ba ta son jin bakin manya, a ba ta lambar wanda ke zana bayan fage.

Ita ce ta kira. Dutsen guga na hannun damansa, don haka da hagu ya ɗauka, ya kara a kunnen hagu, wanda hucin tukunya ya daɗe da cinye rabinsa. Wata siririyar murya ta tambaye shi ko shi wane ne. Ya ce mahaifin mai wayar ne, ranki ya daɗe.

"To ka gaya mata a ƙara tur..."

Daidai nan dutsen ya saki huci a kan mayafin, dogon huci, irin wanda yake yi in an bar shi a wuri ɗaya. Kafin ya ɗaga shi tsohuwar ta wuce gaba.

"Ko'ina nake son gani. Bututu, tagogi, ƙarƙashin jirgi, har hannun rigar sarauniya."

Ta ƙara wata 'yar gajeriyar magana, ta kashe.

Mai Guga ya tsaya da waya a hannu. Farkon kalmar ya ji, sauran kuma kansa ya cike masa. Abin da ke cikin kan nasa a makon nan kuwa abu ɗaya ne, tururuwar da ta gano inda yake ajiye sitati, wadda ya yi ta yaƙi da ita da tsintsiya da ruwan zafi ba ta ko kula shi ba. Da Fensir ta dawo ya gyara tsayuwa, ya isar da saƙo yadda ya kamata, a hankali, kalma bayan kalma: tsohuwa ta ce a ƙara tururuwa, ko'ina.

Fensir ta zauna a kan ƙunshin kayan wanki ta rufe baki da hannu. Ya ɗauka wani abin ya lalace. Ashe murna ce. Wata rana da gajiya ta ishe ta, in ji ta, ta zana wata 'yar tururuwa guda tana bin bututu a can kusurwar hoto, ƙarama ƙwarai, ta tabbata ba mai gani. Darakta bai gani ba, ba wanda ya gani. Ashe tsohuwa ta gani, har ta so. Mai Guga ya ji kamar shi ya zana ta. Ranar nan har ƙarin sitati ya yi wa rigunan mutane ba su roƙa ba.

Darakta mutum ne da ba ya cire kwat ko da gari ya ɗauki zafi, kuma bai taɓa jin wani labari ya ce sabo ne a wurinsa ba. Da Fensir ta kai masa saƙon, ya dubi rufi, sannan ya ce dama ya daɗe yana zargin haka. Ya tara ma'aikata ya yi musu bayani. Tururuwa, in ji shi, ita ce talakan da ke ɗauke da daula a kansa ba a ganinsa. Duk mai karatun da ya ɗauka littattafan nan a kan tukwane suke, a bakin ƙofa ya tsaya bai shiga ba. Wani daga cikin masu zane ya ce ko za a kira tsohuwar a tabbatar. Darakta ya miƙa masa waya ya ce bismilla. Mutumin ya ce shi ma da ya sake tunani, ya gane maganar talakan.

Daga ranar aka ɗauke Fensir daga bayan ƙofa aka ba ta tebur kusa da taga, da kujera mai jingina. Ta shiga zana tururuwa. Tururuwa na malalowa daga bututun jirgi, tana fita ta tagogin fada, tana zagaye ƙafafun giwayen ƙarfe, tana leƙowa daga hannun rigar sarauniya yayin da take hukunci. Mai Guga bai zauna haka nan ba. Ya daina yaƙi da tasa ta shago, har yakan barbaɗa mata sitati da gangan, ya zaɓi manya masu ƙoshin lafiya ya sa a kwalba ya huda murfin, ya kai wa 'yarsa don ta ga yadda suke ɗaga ƙafa. Matarsa ta ce a iya saninta shi ne mutum na farko da ya yi kiwon tururuwa. Ya ce ba ta san harkar fim ba.

Abin ya tafi haka har aka kusa gamawa. Wata ranar hutu da rana yana zaune a ƙofar kicin yana gyara igiyar dutsen guga, matar tana girki. Ta ɗaga murfin tukunya ta leƙa, ta mayar, ta ce da kanta abin bai nuna ba, tururin ya yi kaɗan.

Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya yi kaɗan. 'Yar gajeriyar maganar da tsohuwa ta rufe waya da ita kenan, wadda ya ji amma bai ɗauke ta a bakin komai ba. Ya yi kaɗan ta ce, ba ta yi kaɗan ba. Ya juya maganar ta kowane gefe kamar rigar da ake neman inda ta ƙone. Tururuwa dai mace ce a baki, ba wanda zai ce mata ya. Ya yi ƙoƙarin tuna ko kunnen ne ya sake cin amanarsa, amma wannan karon dutsen ya riga ya yi shiru lokacin da ta faɗa.

Ya kira matar cikin murya ƙasa-ƙasa.

"Maman Fensir, in tururuwa ba ta da yawa, me za ki ce?"

"Zan ce na gode Allah."

Ya ce ba haka yake nufi ba. Ta juyo ta dube shi da ludayi a hannu, ta ga fuskarsa ta yi fari kamar an jiƙa ta a sitati, ta ajiye ludayin. Ya ba ta labarin. Ta yi dariya har ta nemi kujera, ta yi ta yi tana share hawaye da bakin zane, sai can ta tuna aikin 'yarta ne ke cikin haɗari, dariyar ta tsaya cak. Ta ce abin da ya fi ba ta mamaki, mutum ya ci ya sha ya aurar da ƙannensa da tururi, ranar da aka kira sunan tururi sai ya kasa gane shi. Ta ce ya gaya wa yarinyar yau. Ya ce gobe, don yau hutu ne.

Da Fensir ta dawo daga aiki washegari ya shirya maganar tsaf, har ya gwada ta a gaban madubin shago. Sai ta shigo da filasta a yatsa, inda alƙalamin zane ya ci mata fata, fuskarta kuwa kamar an kunna fitila. Darakta ya ce mata in tsohuwa ta ko murmusa ranar da za a nuna mata fim ɗin, kujerar nan mai jingina ta zama tata. Maganar da ya shirya ta koma ciki. Ya bi ta gefe, ya tambaya ko ita tururuwar katun tana goguwa, in misali mutum ya so. Ta ce an riga an rufe kashin farko, an sa murya, an sa kiɗa, jibi tsohuwa za ta zo. Ya ce to tururi fa, akwai ɗan saura? Ta ce ko ɗigo, Darakta ya sa an cire duka don kada ya rufe tururuwar. Sannan ta tambaye shi ko lafiya yake gumi haka. Ya ce aikin guga ne. Ta ce ai a gida suke.

Ya kwana biyu yana ƙona kwalar mutane saboda tunani. A ƙarshe dabara ta zo masa yana tsaye a gaban tukunyarsa mai taya, wadda ke da dogon tiyo, da ita yake sakin kwat da labule da duk abin da dutse ba ya hawa. Tsohuwa ta ce a ƙara tururi. Ba ta ce daga ina tururin zai fito ba. Shi kuwa in akwai abin da Allah ya hore masa a duniya, tururi ne.

Matar ta gan shi yana wanke tukunyar yana ɗaure tiyo, ta ce ba ta san abin da yake shiryawa ba amma kada ya yi shi. Ya ce labule kawai zai goge.

Labulen kuwa gaskiya ne. Ya je wurin Darakta da safiyar ranar, ya gabatar da kansa a matsayin mahaifin Fensir, ya ce bai dace babbar baƙuwa ta zauna a ɗaki mai yamutsattsen labule ba, ya zo ya ba da tasa gudummawar. Darakta ya ce dama yana shirin aikawa a kira mai guga. Ɗakin kallon ƙarami ne, tagogi duk an rufe su da labule mai kauri har ƙasa, kujeru an aro su daga ofisoshi kowace da irinta, majigi a baya a kan tebur, farin allo a gaba. A tsakiyar layin farko an ajiye kujera mai hannu da matashi, ta tsohuwa. Mai Guga ya saki labulen ɗaya bayan ɗaya, ya saki kwat ɗin Darakta a jikinsa yana tsaye, sannan ya ce a kashe fanka don iska na mayar da labule yadda yake. Aka kashe. Ya tura tukunyar bayan labulen da ya fi kusa da kujera mai hannu, ya ce zai jira ta huce kafin ya fita da ita. Fensir ta leƙo ta gan shi, ta ce Baba me kake yi a nan. Ya ce sana'a. Ba ta da lokacin jayayya, ta koma.

Da tsohuwar ta shigo ya leƙa ta tsagar labule, ya yi mamaki. Ya zata zai ga doguwar mace mai faɗin kafaɗa. Sai ga 'yar ƙaramar tsohuwa da sanda, rigarta duk ta yamutse da zaman mota, da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ba ta gaishe da kowa ba. Darakta ya fara jawabi a kan talaka da daula, ta ɗaga sanda ta nuna allo. Aka kashe fitila.

Fim ya buɗe da birni daga sama, rufin gidaje da bututu ba iyaka, babban jirgi na tasowa daga bayan fada. Mai Guga ya san abin da ke tafe, ya murɗa bakin tiyo. Tururi ya fara fita ta ƙasan labule, a hankali, ya bi ƙafafun kujeru, ya tashi ya shiga hasken majigi. A kan allo bututun jirgin ya buɗe baki, tururuwa ta fara malalowa baƙi ƙirin. Ya ƙara murɗawa.

Kafin sarauniya ta gama jawabinta na farko ɗakin ya zama kamar cikin tukunya. Mutanen layin baya ba sa ganin ƙeyar na gaba. Wani hoto da aka manna a bango ya saki ya naɗe kansa ya faɗo. Wani ya yi tari, wani ya ce a ƙasan maƙoshi ko majigin ne ke ƙonewa, aka ce masa ya yi shiru. Darakta na ta gumi a cikin kwat, amma da yake bai san daga ina abin ke zuwa ba, sai ya gyaɗa kai irin na wanda ya shirya shi. Tsohuwa ta cire tabarau ta goge da bakin riga ta mayar, ya sake yin raɓa. Ta sake gogewa. A karo na gaba ta cire shi gaba ɗaya ta ɗora a cinya, ta ci gaba da kallo da idonta kawai, ta ɗan miƙa wuya.

Shi kuwa a bayan labule dahuwa yake. Rigarsa ta manne da baya, ruwa na ɗiga daga gemunsa, yana riƙe da tiyo da tsumma. Can tukunyar ta yi fito, kamar yadda take yi in ruwa ya kusa ƙarewa. Allah ya taimake shi a daidai lokacin agogon gari ke fito a cikin fim. Mai haɗa sauti ya ɗago kai ya dubi lasifika, don ya san sau ɗaya ya sa fiton, sannan ya mayar da ido kan allo.

Matsalar ita ce babban wurin bai zo ba. Fensir ta ba shi labarinsa: jirgi zai lalace a sama, tururuwa ta fito dubu bisa dubu ta tallabe shi ta sauke a filin fada. Ga tururi ya fara sirancewa, har ya soma hango ƙafafun tururuwa a kan allo ɗaya-ɗaya. Ya laluba ta ƙasan labule, hannunsa ya faɗa kan babban fulas ɗin shayin da aka tanada wa baƙuwa. Ya ja shi ciki, ya buɗe tukunya ya juye duka. Jim kaɗan tururi ya dawo da ƙarfinsa, da ƙamshin shayi da madara. Jirgi ya sauka a cikin farin hazo, ba wanda ya ga abin da ya sauke shi.

Aka kunna fitila. Kowa ya jiƙe kamar an tsamo shi daga kogi. Tsohuwa na zaune yadda take, fuskarta na sheƙi, rigarta da ta shigo a yamutse ta miƙe sumul. Fensir na tsaye a jikin bango ta riƙe yatsanta mai filasta.

"Na ce a ƙara tururi," in ji tsohuwar, "an ƙara. Har a fuskata na ji shi. Ban san yadda kuka yi ba, kada kuma ku gaya mini."

Ba wanda ya motsa. Kalmar ta fito sarai, babu dutsen guga a kusa da zai rufe ta. Kan Fensir ya fara juyawa a hankali, ya bi bango, ya bi taga, ya tsaya a ƙasan labule, inda takalman mahaifinta suka leƙo cikin ɗan tafkin ruwa.

Tsohuwar ta ci gaba. Ta ce abu biyu ne ba su yi mata ba. Na farko, wanda ke fita daga bututu baƙi ne, ita kuwa tun da take ba ta taɓa ganin baƙin tururi ba. Na biyu, yana tafiya a layi. Darakta ya ce, da 'yar muryar da ta rage masa, salo ne, ranki ya daɗe. Ta ce salon ya tsaya, amma a mai da shi fari. In an gama a kai mata gida ta kalla ita kaɗai, don ɗakin nan nasu akwai danshi. Ta nemi shayi aka duba aka ga fulas ba komai, ta ce ai ta ji ƙamshinsa, ya isa. Ta ɗauki sandarta ta fita.

Darakta ya zauna a kujera mai hannu, ya cire kwat, abin da ba wanda ya taɓa gani. Ya ce tururi. Ya sake cewa tururi. Wannan karon bai ce dama ya yi zargi ba. Da ya dawo hayyacinsa ya dubi Fensir, kowa ya ga korar a bakinsa. Sai wanda ya taɓa cewa a kira tsohuwa ya tuna masa cewa babu lokacin sake zane, kuma duk kamfanin ita kaɗai ta san inda kowace tururuwa take. Darakta ya haɗiye abin da ya ɗauko. Ya ce gwajinta ya ci gaba, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta mai da su fari, ta ɗan dusashe ƙafafun. Ranar da tsohuwa ta kalla a gida, abin da ta ce shi ne hukunci.

Fensir ta taka ta yaye labulen. Mahaifinta na tsaye da tiyo a hannu, kamar rigar da aka wanke aka manta ba a matse ba.

"Baba."

"Na'am."

"Da wane kunnen ka ɗauka?"

Ya nuna na hagu. Ta dube shi, ta dubi tukunyar, ta dubi fulas ɗin da ke kwance a ƙasa. Sannan ta karɓi tiyon ta fara naɗe shi. Tare suka tura tukunyar a titi, taya ɗaya na ƙara, mutane na kauce musu suna kallon mutumin da ruwa ya daka a ranar da ba hadari. Haka suka tafi har ƙofar shago. A nan ta tsaya ta ɗaga yatsan nan mai filasta.

"Ƙafa shida-shida, Baba. Kowace ɗaya."

Ya ce ya sani, shi ya kawo su. Ya ce in ta yarda, ranar da za a kai fim ɗin zai bi su gidan tsohuwar, ai ita ma ba za ta rasa labule ba. Fensir ta ce in ya kuskura ya taka layin gidan, ita da kanta za ta ajiye aikin. Da suka isa gida matar ta saurari labarin daga farko har ƙarshe ba ta katse ba, sannan ta tambaya ko ta ji daidai, za a mai da tururuwa fara. Aka ce haka ne. Ta ce wato yanzu gara za su nuna wa duniya. Washegari ta je shagon da kanta ta kwance tiyon tukunyar ta kai gidan yayarta, ta ce in kwat ya zo ya goge da dutse.

Fensir tana nan tana fita aiki kowace safiya, tana zaune a kujera mai jingina tana farar da tururuwa, ta wuce rabi. Mai Guga yana tambayarta kullum saura nawa, in ta ce da saura sai ya ji sanyi a ransa, in ta ce an kusa sai ya ƙona kwala. Ba a kai fim ɗin ba tukuna. Ba wanda ya san abin da tsohuwar za ta gani ranar da ta kalla da busasshen tabarau, kuma ba wanda ya san ko kujerar za ta zama ta Fensir.